Ambulan a Cikin Harawa

Ranar Asabar da hantsi, Insifekta Zubair yana ofishinsa a caji ofis ɗin Bagwai yana kurɓar kokon da ya riga ya huce, sai aka shigo masa da wani siririn mutum mai tabarau. Hularsa a karkace take, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, sunana Malam Hashimu. Ni ne jami'in jarrabawa na kwalejin horar da malamai mata da ke bayan gari. Sata aka yi mana."

"Me aka ɗauka?"

"Ambulan guda ɗaya. Takardun amsa ne na jarrabawar lissafi ta 'yan aji biyu, guda sittin da biyu. Ranar Alhamis aka rubuta, ko dubawa ba a yi ba. Jiya na dawo daga masallacin Juma'a na tarar babu su."

"Kwamfuta fa? Janareta?"

"Duk suna nan, ko taɓa su ba a yi ba."

"To wa kuke zargi?"

"Ni dai ba na zargin kowa. Amma Shugaban kwaleji ya riga ya dakatar da mai horar da 'yan ƙwallon kwando. Ya ce in Talata ta yi ba a ga takardun ba, kwamiti zai zauna ya kore ta."

"Sunanta?"

"Koci Halimatu Sadiya."

Biron Insifekta ya tsaya cak a kan takarda.

Shekara tara rabonsa da jin wannan suna a bakin wani, amma bai taɓa yin mako guda bai ji shi a zuciyarsa ba. A Kano ya san ta, lokacin tana tashen wasa. Shi ya kai ta asibiti ranar da kafaɗarta ta dama ta goce a fili, raunin da ya raba ta da wasa har abada. Saura kaɗan manyansa su je tambaya, abokai suka fara yi masa dariya, wai zai auri mace mai tsalle-tsalle a gaban jama'a. Bai yi mata sallama ba. Kawai ya daina zuwa.

Ya rufe biron, ya kira Saja Asiya, dattijuwar 'yar sanda da ta girme shi a aiki da shekara goma sha biyu.

"Saja, ɗauko hularki. Kwaleji za mu."

Kwalejin tana tsakiyar gonaki ne. Gonar wannan ta haɗa kunya da ta wancan, har jikin katanga. An gama cire gyaɗa da roron wake, kowace bishiya ka kalla za ka ga an ɗora mata dammunan harawa a tsakanin rassa, don kada awaki su kai gare su.

Ƙofar ofishin jarrabawa lafiyarta ƙalau. Ba a ɓalle kwaɗo ba, ba a taɓa taga ba.

"Makulli nawa ne?" in ji Insifekta.

"Ɗaya ne tak. Kuma a aljihuna yake, da shi na tafi masallaci."

Insifekta ya kalli ƙofar daga ƙasa zuwa sama. A can saman, inda bulo ya ɗan turo, yanar gizo ta cika kusurwar hagu. Kusurwar dama kuwa fes. Ya jawo kujera ya taka, ya leƙa. Ga ɗan wuri nan sumul, har da tsatsar da ƙarfe ya bari.

"Malam Hashimu, kujerar nan da na taka akwai shatin takalmi a kanta tun kafin nawa. Lamba nawa kake sawa?"

Malam Hashimu ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ranka ya daɗe, rigar Juma'ata aljihunta a ɓule yake. Na taɓa yar da makullin a masallaci, na sha wahala. Tun daga nan nake ajiye shi a sama duk Juma'a. Ai wurin da nisa, babu mai gani."

"Gajere ne ba ya gani," in ji Saja Asiya. "Kai kuma makarantarku cike take da 'yan mata kamar bishiyar giginya."

Insifekta ya rubuta: ranar Juma'a, tsakanin ɗaya da rabi zuwa uku, duk mazan kwalejin suna masallaci. Ya ɗago.

"Me ɓatan takardun lissafi zai amfana wa masu ƙwallo?"

Malam Hashimu ya yi masa bayani. Ranar Alhamis mai zuwa za a fara gasar kwalejoji a Kano, kuma masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallo. Dokar gasar ita ce, duk ɗalibar da ta faɗi wani darasi ba za a sa sunanta ba. Da an duba takardun, da Litinin sakamako zai fito. In kuwa sun ɓata, sai bayan gasa za a sake jarrabawar. A cikin 'yan aji biyun akwai Aina'u, wadda ita ce ƙashin bayan ƙungiyar, kuma kowa ya san lissafi yana ba ta wahala.

Daga nan suka nufi filin ƙwallon kwando. Dandamalin siminti ne da ya tsattsage, da kwanduna biyu a kan sanduna. 'Yan mata goma sha biyu cikin dogayen wanduna da ƙananan hijabai suna shirin atisaye. Wata doguwar budurwa mai usur a wuya tana durƙushe, tana naɗa wa ɗaya daga cikinsu farar filasta a yatsu.

Ta ja filastar, ta ɗan cije bakin filastar da haƙori, ta tsaga ta biyu a tsaye, sannan ta naɗa.

"Kai, Anti Ramlat!" in ji wata daga baya. "Wannan fa siririya ce, ba sai an tsaga ba. Kin mayar da ita zaren ɗinki!"

Suka kwashe da dariya.

"Ku yi ta dariya, 'yan gata," in ji Ramlat. "A zamaninmu mai faɗi guda ɗaya muke samu a zango, Koci ta koya mana tsagawa don ta ishe mu. Hannu ya saba. Maza, zagaye biyar!"

Suka ruga. Insifekta ya gabatar da kansa. Ramlat ita ce mataimakiyar Koci, tsohuwar 'yar wasanta ce, ita aka danƙa wa ƙungiyar tun jiya.

"Ina kike jiya lokacin sallar Juma'a?"

"Ina ɗakina, yallaɓai. Kaina ke ciwo, na sha magani na kwanta."

"Aina'u ta gaya miki yadda jarrabawarta ta kasance?"

"A'a. Ni ƙwallo kawai ke haɗa mu. Maganar karatu ta Koci ce."

"Kina ganin Koci za ta iya ɗaukar takardun?"

Idon Ramlat ya kawo ruwa nan take.

"Wallahi ba za ta iya ba. Ko a mafarki. Don Allah yallaɓai ka gaya musu ba ita ba ce."

Rantsuwar ta yi masa ƙarfi a kunne, amma ya ɗauka ƙauna ce kawai.

A gefen filin akwai wata babbar darbejiya da benci huɗu a ƙarƙashinta. A can ya hango ta zaune ita kaɗai, littafi a cinya, tana kallon 'yan matan da aka hana ta yi wa magana. Ta ɗan rame. Idanun dai suna nan yadda ya bar su.

"Assalamu alaikum, Malama."

"Wa alaikumus salam, Insifekta. Ka zauna."

Ba ta nuna ta san shi ba, ba ta kuma nuna ba ta san shi ba. Wannan ya fi masa zafi.

"Ina kike jiya da azahar?"

"A gida. Ni kaɗai. Ba ni da shaida, in shi kake nema."

"An ce in kuka ci gasar nan za a ƙara miki girma."

"An ce."

"Kuma ba za ku ci ba sai da Aina'u."

Ta rufe littafin.

"Ka ga bencinan nan? Shekara takwas ke nan, kullum kafin su taɓa ƙwallo sai sun zauna a nan awa guda da littattafansu, ina tsaye a kansu. Iyayen yaran nan manoma ne. Ni na bi su ƙauye-ƙauye, na durƙusa gaban dattawa, na ce ku bar su su yi wasa, ni kuma na yi alkawari takardar shaidar malanta za su kawo muku. Ƙwallo kafaɗa ɗaya ce take raba ka da ita, kai ma shaida ne. To ko an ga takardun ko ba a gani ba, sunan Aina'u ba zai shiga jerin ba sai na ga sakamakonta da idona. Haka na gaya wa Shugaba jiya, kafin ya miƙo min takardar dakatarwa."

Insifekta ya daɗe a aiki. Ya ji masu laifi da yawa suna tsara magana mai daɗi. Sai ya tsinci bakinsa yana cewa:

"Duk wanda ya ɗauka, haka zai faɗa."

Ta kalle shi na ɗan lokaci, ta yi murmushin da babu farin ciki a cikinsa.

"Har yanzu abin da mutane suka faɗa a kaina shi ne gaskiya a wurinka, Zubair?"

Ya miƙe, ya manta bironsa a kan benci, sai da Saja Asiya ta ɗauko masa.

Washegari Lahadi aka kira Aina'u ofishin mai kula da ɗakin kwana. Yarinya ce doguwa ƙwarai, amma ta takure a kan kujera kamar tana so ta ɓace.

"Ina kike ranar Juma'a da azahar?"

"Ina ɗaki, yallaɓai."

"Duk yinin?"

"Eh."

Saja Asiya ta ajiye wani ƙullin leda a kan tebur, ta kwance. Ɗanyar gyaɗa ce, ƙasa ba ta gama bushewa a jikinta ba.

"'Yata, a akwatinki na gani. A ɗakin naku ake noma ta?"

Aina'u ta fashe da kuka. Da ƙyar aka lallashe ta. Ta ce ta ƙofar baya ta fita ba da izini ba, ta hau acaɓa zuwa ƙauyensu, don ta gaya wa Innarta ta faɗi jarrabawa tun kafin Babanta ya ji a bakin wasu. Inna ce ta ƙullo mata gyaɗar.

"Don Allah kada ku gaya wa Koci na fita. Gara a kai ni caji ofis."

"Ta yaya kika san kin faɗi, tunda ba a duba ba?" in ji Insifekta.

"Tambaya ta ƙarshe ban gama ba. Na fito ina kuka."

"Wa kika gaya wa?"

"Anti Ramlat kawai. Ta rungume ni, ta ce in daina kuka, ba za a yi min abin da aka yi mata ba."

"Me aka yi mata?"

"Ai kowa ya sani. Shekara shida da suka wuce ita ce gwanar ƙungiya. Maki biyu ta rasa a wani darasi, Koci ta cire sunanta. A shekarar masu zaɓe suka zo, suka ɗauki wadda ta maye gurbinta."

Da yamma Saja Asiya ta je ƙauyen ta dawo. Maganar yarinyar gaskiya ce, maƙwabta uku sun ga isowarta. Insifekta ya ja layi a ƙarƙashin sunan Ramlat: ta ce Aina'u ba ta gaya mata komai ba. To amma ƙarya ba sata ba ce, kuma takardun ba su a hannunsa. Saura kwana biyu a kori Halimatu Sadiya.

Litinin da safe, wani dattijo ya jingine kekensa a ƙofar caji ofis, ya shigo rungume da wani ƙunshi. Ya ce sunansa Baba Kallamu, asalinsu mutanen Borno ne, amma a nan aka haifi babansa. Gonarsa ce a bayan katangar kwaleji.

"Ɗana, ni harawata na san adadinta kamar 'ya'yana. Dami goma sha bakwai na ɗora a kan ɗorawa ranar Laraba. Yau na zo sauke wa raguna ɗaya, na ga sha takwas. Na ce to, harawa dai ba ta haihuwa."

Insifekta ya karɓi ƙunshin. Baƙar leda ce ninki biyu, an naɗe ta tsaf. Ta wani ɗan yagi ya hango ambulan mai ruwan ƙasa da hatimin kwaleji.

"Baba, da tsani kake hawa?"

"Da tsani mana. Yana gida a ɗaure, ba na barinsa a gona."

Suka tafi tare. Inda aka sami ƙunshin ya fi kwandon ƙwallo tsayi, kuma gindin ɗorawar sumul yake, babu wurin taka ƙafa. Babu shatin tsani a ƙasa sai na Baba Kallamu na safiyar nan. Wurgawa aka yi. Abu mai nauyin takardu sittin da biyu, aka cilla shi ya faɗa daidai cikin ramin da ke tsakanin dami biyu.

"Wanda ya yi wannan yana da saiti," in ji dattijon. "Amma bai san manomi ba. Ya ɗauka in abu ya hau bishiya an manta da shi ke nan."

Insifekta ya juya ƙunshin a hannunsa. Sai a lokacin ya lura da abin da aka ɗaure shi. Ba igiya ba ce. Farar filasta ce, irin siririyar nan, kuma kowane zare an tsaga shi biyu a tsaye, ga shatin haƙori a bakinsa.

'Yan matan yanzu ba sa tsaga filasta, dariya ma suke yi wa mai tsagawa. Mutum biyu ne a duk kwalejin hannunsu ya saba da haka: wadda ta koyar, da wadda aka koya wa. Ita kuwa wadda ta koyar, hannunta na dama ba ya wuce kafaɗa. Shi ya riƙe mata jaka a bakin ɗakin likita ranar da aka faɗa mata haka. Ya fi kowa sani a duniya, amma shekaranjiya ya zauna a gabanta ya kira ta maƙaryaciya.

Kunya ta rufe shi har ya kasa kallon Saja Asiya.

Kafin azahar ya kai ambulan ɗin ofishin Shugaban kwaleji. Hatimi bai karye ba. Aka ƙirga, sittin da biyu cif. Insifekta ya roƙi alfarma ɗaya: a kira malamin lissafi ya duba takarda guda a gaban kowa. Aka duba, aka rubuta makin, Insifekta ya kwafa a littafinsa.

Bayan la'asar ya aika aka kira Ramlat da Koci zuwa ƙarƙashin darbejiya. 'Yan wasan suna can ɗaya gefen filin suna jefa ƙwallo. Ya ajiye baƙar ledar a kan benci, da zaren filastar a kanta.

Ramlat ta kalle ta sau ɗaya ta kau da kai.

"Malama Ramlat, kin ce min Aina'u ba ta gaya miki komai ba."

"Na manta ne, yallaɓai."

"Kin manta kin rungume ta?"

Ta sunkuyar da kai. Insifekta ya nuna ledar.

"Wannan filastar wa ya tsaga?"

"Kowa yana iya tsaga filasta."

"Kowa yana iyawa, amma mutum biyu ne ke yi ba tare da sun sani ba. Saja, miƙo ƙwallon nan. Koci, don Allah jefa ta cikin kwando."

Halimatu Sadiya ba ta karɓi ƙwallon ba. Ba Insifekta take kallo ba. Ramlat take kallo, fuskarta tana sauyawa a hankali.

"Ka san ba zan iya ba," ta ce da shi. Sannan muryarta ta yi ƙasa. "Ramlatu. Kalle ni."

Ramlat ta zame daga kan benci ta durƙusa a ƙasa.

"Koci, wallahi mayarwa zan yi. Shi ya sa na naɗe su da kyau, don kada raɓa ta taɓa su. Na ce in an dawo daga Kano zan sauke su in ajiye a bakin ofis. Ban taɓa zaton ke za a kama ba. Da aka ba ki takardar nan na so in faɗa, na je har ƙofar gidanki sau biyu, ƙafata ta ƙi shiga."

"Ta yaya kika san wurin makullin?" in ji Insifekta.

"Tun ina ɗaliba nake ganinsa in na wuce. Duk dogayenmu sun sani, ba wadda ta taɓa kulawa. Ranar Juma'a da na ji an fara huɗuba sai na fita. Na ɗauko ambulan ɗin na bi ta baya, na naɗe shi a ɗakin kayan wasa, na cilla kan ɗorawa."

"Saboda me?" in ji Koci.

"Saboda maki biyu!" Kukan ya ƙwace mata. "Maki biyu, Koci. Wadda aka ɗauka a madadina ni nake koya mata jifa. Yanzu a talabijin nake ganinta. Ni kuma ina nan ina hura usur a tsakiyar gonar wake. Ban taɓa ce miki komai ba, don na san dokarki gaskiya ce. Amma da yarinyar nan ta zo tana kuka a ƙirjina, kaina na gani. Na ce wannan karon a'a."

Insifekta ya buɗe littafinsa. Ya san abin da zai faɗa ya fi ankwa ciwo.

"An duba takardar Aina'u ɗazu a gaban Shugaba. Maki arba'in ake nema. Ta ci hamsin da takwas."

Ramlat ta ɗago kai.

"Ta ci?"

"Ta ci. Tambayar ƙarshe ce kawai ba ta gama ba, ita ce mai babban maki. Malamin ya ce sauran huɗun kamar a allo ta kwafa."

"A kan bencin nan ta koye su," in ji Koci a hankali. "Wata uku, kullum. Ke kike miƙo mana alli, Ramlatu."

Ramlat ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi ihu ba. Wani ɗan sauti kawai ya fita daga maƙogwaronta, sannan ta kifa goshinta a gwiwar Koci.

Halimatu Sadiya ta dafa kanta da hannun hagu. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ko yau aka mayar da ni shekara shida baya, zan cire sunanki," ta ce. "Amma da zan zo ɗakinki a ranar in zauna tare da ke. Ban zo ba. Na ɗauka tunda na yi daidai, shi ke nan na gama nawa. Na ga kin sake jarrabawar kin ci, na ba ki aiki kusa da ni, ban taɓa tambayar ki ko ciwon ya warke ba. Wannan laifina ne, ki yafe min."

Saja Asiya ta juya baya tana gyara hular da ba ta karkace ba. Can ta matso, hannunta a kan ankwa.

"Insifekta," in ji Koci, "alfarma ɗaya. Kada a sa mata wannan a gaban yaran."

Ya gyaɗa kai. Saja ta mayar da ankwar, ta kama Ramlat ta miƙar da ita kamar uwa da 'ya.

"Taho, 'yata. Gyara mayafinki."

Ramlat ta cire usur daga wuyanta ta ajiye a kan benci. Suka bi gefen katanga zuwa mota. A can fili ƙwallo ta daina bugawa. Aina'u tana tsaye riƙe da ita, da siraran zaren filasta a yatsunta, ba ta san komai ba tukuna.

Insifekta ya tsaya a baya.

"Shugaba ya janye takardar dakatarwa. Gobe zai ba ki haƙuri a gaban malamai."

"Na gode."

"Sadiya." Sunan ya fito masa da nauyi. "Shekaranjiya na san hannunki, na san halinki, amma na bi maganar mutane. Karo na biyu ke nan."

"Na sani, ina ƙirgawa." Ta ɗauki usur ɗin ta goge shi da gefen mayafi. "Na yafe na farkon tun da daɗewa, Zubair. Wannan ma zan yafe. Amma ka je ka kula min da yarinyar can. Ka rubuta cewa ba ta yaga ko shafi ɗaya ba. In an kai ta gaban alƙali ka sanar da ni, zan zo in tsaya mata."

Ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ba ta ƙara ba.

Yana kunna mota ya ji ƙarar usur. Ya kalli madubi. 'Yan matan sun ajiye ƙwallo a tsakiyar fili, suna tafiya ƙarƙashin darbejiya ɗaya bayan ɗaya, kowacce tana zaro littafi daga jaka. Halimatu Sadiya tana tsaye gaban ɗan allon da aka jingina da bishiya. Ta miƙa hannu gefe kamar yadda ta saba, tana jiran a sa mata alli. Sai da hannun ya daɗe a miƙe, sannan ta sunkuya ta ɗauka da kanta.

A kujerar baya Ramlat ta rufe fuska da mayafi. Insifekta Zubair ya kawar da idonsa daga madubin, ya hau hanyar Bagwai.